Rasuwar Baƙin Garin Cikin Kwalbar Mushe Isaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mushe Isaka, wato Malam Isaka, malamin lakol, makarantar boko ta Gidan Rumji, yana sanar da rasuwar abokin zamansa, sinadarin tantalum da aidin, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi.

Marigayin baƙin gari ne mai ƙyalli, kowane tantalum ɗaya nasa riƙe da aidin biyar. Ba ya jure raɓa, shi ya sa aka narka bakin kwalbarsa aka liƙe tun ranar haihuwarsa. Bai taɓa shaƙar iska ba, bai kuma taɓa ƙorafi ba. In an girgiza shi, iyakarsa ya ce “ƙyas-ƙyas” a jikin gilashi.

Wani malamin kimiyya ne ya ba Isaka shi a makarantar horo, da alkawarin za su buɗe shi tare a ɗakin gwaji a Dakar. Sai ga ƴancin kai. Aka ce ƙasa tana buƙatar malamai, aka turo Isaka nan na ɗan lokaci. Lokacin bai ƙare ba har yau. Duk sa'ad da motar Maraɗi ta tashi ba shi a ciki, yakan ɗauko kwalbar ya ɗaga ta a rana, su dubi juna.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Gwaggo Indo ta zo daga Cadakori bikin suna, ta gan shi a taga, ta ɗauka kwalli ne. Ta sa dutse, wuyan kwalba ya ce “tas”. Ga damina ta zauna, iska a jiƙe sharkaf.

“Isaka, ɗan nan, kwallin naka hayaƙi yake yi!”

Ya shigo a guje ya buge mata hannu, tsinken kwalli na gab da idonta. Allah ya tsare ido. Shi kuwa marigayin, a gaban mai shi ya yi ta koɗewa har ya zama fari fat.

Ya bar farin gari maras amfani, da wari mai ƙona hanci, da tabon rawaya a gilashi. Gwaggo ta koma gida da fushi, ta ce yaron da ta goya ya doke ta.

Za a yi jana'iza yau bayan la'asar a bayan katangar lakol, nesa da rijiya. Kada kowa ya taɓa gawa da hannu. Zaman makoki ba zai wuce magariba ba, domin gobe da sassafe Mushe Isaka zai hau keke zuwa Cadakori ya ba Gwaggo haƙuri, ya dawo kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji.