Katin Marigayi Fuseni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hau babur daga Salaga zuwa Yendi don in mayar wa mamaci kayansa.

Lokacin na buɗe shagon wasan kwamfuta a zango, matasa na kirana Injiniya (ni na fara kiran kaina haka, gaskiya). Abin da ya rage mini shi ne katin girafik mai ƙarfi, wanda ke fito da hoto tas. Sai na ji wani Fuseni ya rasu a Yendi, danginsa na sayar da kayansa. Na sayo katin, ƙato ne mai fanka uku, na danna shi cikin tsohuwar kwamfutata da ƙyar.

Da azahar na kunna, shagon shiru, ni kaɗai. Wasan ƙwallo ya tashi lafiya. Can sai fuskar mai tsaron gida ta fara narkewa, bakinsa ya zazzago har ƙirji, idanunsa suka zama ramuka baƙaƙe suna kallona. Fankokin suka yi wani nishi kamar na mai jinya. Sai ɗif! Komai ya mutu, alhali ƙwan fitilar shagon na ci.

Na sake kunnawa, haka. Na cire katin, kwamfutar ta yi aiki lumui. Na mayar, fuskar nan ta dawo, wannan karon da wani wari kamar gashi na ƙonewa. Wanda ya girma kusa da tsofaffin rijiyoyin bayi na Salaga ba ya buƙatar a yi masa bayanin fatalwa. Na naɗe katin da farin ƙyalle, na hau babur ban ko rufe taga ba.

Na isa Yendi na tarar da addu'ar arba'in, dattawa sun cika tabarmi. Maimakon in ja wani gefe, sai na tsaya a tsakiyarsu (Allah ya yafe mini), na ajiye ƙunshin gaban yayan marigayin.

"Baba, Fuseni bai saki kayansa ba. Yana fitowa a allona."

Carbi ya tsaya a hannuwa. Daga cikin gida wata tsohuwa ta fashe da kuka, ashe mahaifiyarsa ce.

Sai ƙanwar marigayin, Memuna, ta fito, wadda suke haɗa kwamfutoci tare a Tamale. Ta buɗe ƙyallen, ta dube ni.

"Yaya, akwatin wutar kwamfutarka, ka canza shi?"

"Wanda ta zo da shi ne."

"Wayoyin wuta biyu na katin fa?"

"Ɗaya na samu, na haɗa da wata 'yar dabara."

Ta rufe ido. "Ka ɗaura wa jaki kayan tirela, ya faɗi, ka ce aljani ne. Yunwar wuta katin ke ji. Wayarka ce ke ƙonewa, ba ɗan'uwana ba."

Wani dattijo ya fara dariya yana tari, sauran suka bi. Tsohuwar ce kawai ba ta yi ba. Ta leƙo ta ce, "To, da ka gan shi, lafiyarsa ƙalau?"

Na durƙusa na ba ta haƙuri har muryata ta dishe.

Yanzu kafin in sayi kati, sai na auna akwati, na duba ƙarfin wuta, na ƙirga wayoyi. Kuma na gane matattu ba ruwansu da mu. Mai rai da sukuddireba a hannu shi ne abin tsoro.