Kujerar Baya ta Kakana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zo neman auren 'yar yayana a gidanmu na unguwar Tandabawi, a Makka. Dangin ango manyan mutane ne, haifaffun Makka, uban ma shekara da shekaru ya yi yana gyaran jiragen sama. Ni kuwa direban tasi ne a unguwar Kudai, amma na rantse ba za su raina mu ba.

Makamina hoto ɗaya ne: kakanmu a cikin wani ƙaramin jirgi na rundunar leƙen abokan gaba, zamanin yaƙin duniya, can tsakanin Chadi da Sudan. Na kai hoton an ƙara masa girma, na rataye shi daidai inda baƙi za su zauna.

Ana zuba gahawa na gyara murya. "Kakanmu ke nan, matuƙin jirgin yaƙi." Na ƙara gishiri, har na kwatanta da hannu yadda yake juyi a sama (mutumin da ban taɓa gani ba, ya rasu kafin a haife ni).

Uban ango ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Ya akhi, wannan ai kujerar baya ce. Matuƙin shi ne Baturen nan na gaba."

Wallahi na ji kunya. Hannuna na nan a sama, na rasa yadda zan sauke shi.

Sai Baffa Idi, babban ɗan kakan, ya yi dariya.

"Bar yaron nan, Alhaji. Babanmu ko keke bai iya tuƙawa ba. Amma ya taka hamadar nan da ƙafa, ya san kowace rijiya. Daga sama yake duban sawu ya ce motoci kaza sun wuce nan jiya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, jirgin bai tashi ba."

Uban ango ya miƙe ya sumbaci kan Baffa.

"Mashallah! A irin rundunar nan mai dubawa shi ne aikin. Na gaban sawwag ne kawai, direba."

Nan take aka sa rana. Daɗi ya cika ni, duk da kowa ya waiwayo ya kalle ni da aka ce direba.

Tun daga ranar, in fasinja na baya ya ce min ba nan ce hanya ba, ba na musu. Juyawa nake yi.