Ranar da Na Kai Ba'amurke Gyaran Risiba

Ko da zan manta da komai na zamana a Makka, ba zan taɓa mantawa ba da yinin da na ɗauki baƙo tun daga unguwar Aziziyya na kai shi gidan surukina gyaran risiba.

A shekarun da ake ta faɗaɗa Harami ne. Ina aiki da wani kamfani mai kula da masaukin alhazai, aikina duba ɗakuna da rabon makullai. Amma da aikin Hajji ya zo sai a ɗaga ni zuwa tafinta, saboda ranar da aka ɗauke ni na ce ina jin Turanci. Kuma ina ji ɗin, irin wanda aka koya mana a sakandare a Gusau. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne, Amurkawa haɗiye rabin kalma suke yi, sauran rabin su fito da shi ta hanci.

A ayarin wannan shekarar akwai wani baƙar fata Ba'amurke, sunansa Dawud, ni kuwa na mayar da shi Alhaji Dauda. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingishi. A Mina muka saba, saboda kullum ni nake nemo masa ƙanƙara ya ɗora a gwiwa idan ya dawo daga jifa. Wata rana muna zaune a tanti na tambaye shi sana'arsa. Ya ce ya yi ritaya, amma a da shi "waid risiba" ne.

To risiba dai na san ta. Babu gidan da ba ta, 'yar akwatin nan da ake haɗawa da talabijin a kama tashoshi. "Waid" kuma faɗi ke nan. Nan take na haɗa lissafina: mutumin nan injiniyan manyan risibobi ne, masu kama tashoshi da yawa.

Duk abin da ya faɗa bayan nan sai ya ƙara tabbatar mini. Ya ce aikinsa shi ne kamawa, na ce ai dole, kama tasha. Ya ambaci talabijin da ranar Lahadi, na gyaɗa kai. Ya ambaci ƙwallo, na ce a raina tashoshin ƙwallo ne gwanintarsa. Ya nuna mini yatsunsa, biyu sun karkace, ya taɓa gwiwa, ya taɓa kai, ya ce duk aikin ne ya jawo. Har tausayinsa na ji, na ce masa hawa saman rufi akwai haɗari, a nan ma wani ya taɓa faɗowa. Ya dube ni jim kaɗan, sannan ya yi murmushi. (Yanzu na gane shi ma gyaɗa kai kawai yake yi wa nawa Turancin.)

A lokacin aurena da Hauwa bai cika shekara ba. Mahaifinta, Alhaji Ummaru, Basakkwace ne da ya zo Makka tun yana saurayi, yana ɗinki a unguwar Shara Mansur har ido ya gaza. Dattijo ne mai ƙarancin magana, amma duk inda ya gabatar da ni sai ya ce, "Mijin Hauwa ke nan, ɗan boko ne, har da Turawa yake magana." Ni kuwa in sunkuyar da kai kamar ba na so, alhali daɗi kamar ya kashe ni.

Tun kafin Hajji risibarsa ta mutu. Ita ce abokiyar hirarsa, a nan yake ganin tafsiri da Hausa da labaran gida. Masu gyara biyu sun taɓa ta ba ta tashi ba. Saboda haka da muka sauko daga Mina, na je gaishe shi, na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Na samo wanda ya fi kowa sanin risiba, daga Amurka."

Shi kuwa Alhaji Dauda da na gayyace shi cin abinci, murna ya yi sosai, ya ce dama yana son ya shiga gidan mutane ba otal kawai ba. Na ce masa akwai 'yar matsalar risiba da muke so ya taimaka. Ya yi dariya ya ce ba komai, ya saba. (Daga baya ya ce mini ya zaci yaran unguwa ne suke son ya koya musu wasa.)

Bayan sallar Azahar muka isa. Tun daga bakin ƙofa na ga takalma sun yi yawa. Ashe Baba ya ba maƙwabta labari, dattawa sun cika falo, kuma kusan kowa da leda a gefensa. Aka shimfiɗa sufura, ledar cin abinci, aka kawo kabsa, dafa-dukar Larabawa, da tuwon shinkafa miyar kuka, Hauwa da mahaifiyarta tun safe suke kai. Alhaji Dauda ya ci da hannu, ya ƙara, dattawa suna ta sa masa albarka. Ni kuwa ina tsakiya ina fassara, ina jin kaina kamar jakada.

Da aka sha shayi, Baba ya sa aka share wuri. Ya ɗauko risibarsa da hannu biyu ya ajiye a gaban baƙo, ya jera sukundireba da filaya a gefe. Maƙwabta suka fara kwance ledoji. Kafin ka ce me, risibobi sun yi layi, har da wani tsoho da ya kawo rimot kawai, wai lamba bakwai ba ta dannuwa.

Alhaji Dauda ya dubi kayan, ya dube ni, ya tambaya mene ne wannan.

"Risiba," na ce. "Aikinka."

Ya sake kallon layin risibobin. Na ga fuskarsa tana sauyawa a hankali, kamar mai tuno inda ya ajiye makulli. Sai ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, don mutum ne mai ladabi, amma dariyar ta ci ƙarfinsa har da hawaye. Ya zaro waya ya lalubo wani bidiyo ya miƙa wa Baba, yana ta bayani da Turanci.

Muka taru a kan wayar. Fili ne cike maƙil da mutane. Wasu ƙarti sanye da hular kwano sun yi sahu biyu suna fuskantar juna. Can gefe wani siriri ya fyalla da gudu, aka wurgo wata ƙwallo mai kama da gwanda, ya yi tsalle ya cafke ta da hannu ɗaya, kafin ya dire wani ƙato ya yi sama da shi. Da ya tashi ya cire hular, sai ga Alhaji Dauda, da sauran ƙuruciyarsa.

Baba ya ɗago ya ce, "Me yake cewa ne?"

Wannan shi ne wurin da ya fi ciwo. Ni ne tafinta, babu wani. Da bakina na bayyana wa surukina da dattawan unguwa cewa baƙon nan ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, sunan gurbinsa ke nan risiba, wato mai gudu ya cafke ƙwallo, kuma ya ce ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidansa matarsa ce take canzawa. Daga bayan labule na ji Hauwa ta ce "Ya Allah" da irin muryar da na san dariya take dannewa. Na sunkuyar da kai. Tsohon nan mai rimot ya mayar da abinsa aljihu a hankali.

Baba ya miƙo wayar. Ya ce a sake kunna bidiyon. Ya kalla, ya sake kalla, sannan ya ce wannan ai dambe ne aka haɗa da tsere, a tambaye shi ko mahaifiyarsa ta yarda da wannan sana'a. Daga nan hira ta ɓarke. Alhaji Dauda ya ba mu labarin yadda aka ɗauke shi daga jami'a ana cewa ya cika rama, yadda ya yi shekaru yana zaman benci kafin a san da shi, yadda wata ƙungiya ta sayar da shi ya ji a rediyo yana cikin mota. Ya ce akwai wasan da ƙwallo ta suɓuce masa a daƙiƙar ƙarshe, garin gaba ɗaya ya yi fushi da shi, ya yi kwanaki ko kanti ba ya iya shiga. Ya dafa kafaɗata ya ce in faɗa musu tawa kunyar ƙarama ce, mutanen falo ɗaya ne kawai suka gani. Gwiwa ce ta raba shi da wasan, yanzu yara yake koyarwa, kuma ya ce bai taɓa samun natsuwa irin ta yinin Arfa ba.

Ina ta fassara, a hankali, ina tambayarsa ya maimaita duk inda ban ji ba. Da na kai ƙarshe Baba ya kurɓi shayi ya ce, "Wannan karon dai ka ji da kyau ko, ɗana?"

Falon ya ɗauki dariya, har ni. Aka yi hotuna, kowane dattijo riƙe da risibarsa a gefen baƙo. Ta Baba kuwa wani Bangali ne ya gyara ta bayan sati, ashe waya ce ta tsinke a ciki.

Har yau muna gaisawa da Alhaji Dauda duk sallah, Hauwa kuma ba ta gaji da ba yara labarin ba. Abin da na koya dai shi ne, idan baƙo ya faɗa maka sana'arsa, ka ce ya nuna maka hoto kafin ka sa surukarka ta ɗora tukunya.