Ranar da Na Shiga Rijiya Ceton Ɗan Jumma

Ba za ni taɓa mantawa da wata Laraba cikin bazarar bara waccan ba, ranar da na shiga rijiya da niyyar ceton mutum, aka ƙare da ceto na. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Kuma ba dariya kaɗai ke cikin labarin ba, don akwai wanda bai fito daga rijiyar nan yadda ya shiga ba.

Ni malamin firamare ne a cikin garin Sabon Birni, aji biyar nake koyarwa. A farkon shekarar karatu wata ƙungiya ta kawo mana kwali biyu na littattafan yara da Hausa. Cikinsu akwai wani ɗan siriri mai hotuna masu launi, yana bayanin yadda mutane ke maƙalewa a cikin kogo ko ramin haƙar ma'adinai, da yadda ake ceto su, da abin da mutum zai yi ya rayu a ƙarƙashin ƙasa kafin taimako ya iso. Kada ka yi ihu, numfashi zai ƙare maka. Kada ka yi ta motsi. Ka riƙa ƙwanƙwasa dutse don na sama su ji. Irin waɗannan.

Littafin nan ya shiga raina fiye da kima. Na karanta shi har na haddace, na riƙa sa yara su shiga ƙarƙashin tebur ana rufe tagogi, ni kuwa ina zagayawa da tocila kamar shugaban masu ceto. (Ban taɓa ganin kogo da idona ba. Rami mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na masai da muka haƙa a gidanmu, shi ma iyakarsa ƙugu.) Kusan rabin ajina 'ya'yan mutanen da suka gudo daga Gatawa ne da ƙauyukan gefenta. Wata rana na tambaya wa ya taɓa zama cikin rami mai duhu, sai na ga hannuwa sun tashi ko'ina. Wasu cikin rumbu suka wuni ranar da 'yan bindiga suka shigo, wasu cikin kwalbati, an toshe wa ƙannensu baki. Da mai hankali ne ni, da nan na yi shiru. Ni sai na ce madalla, to yanzu ga yadda masana suka ce a yi. Abokan aikina suka sa mini suna Malam Kogo, na karɓa kamar sarauta.

Bayan katangar makarantarmu akwai wasu shaguna da ba a gama ginawa ba, nan 'yan gudun hijirar suka rakuɓe. Fanfon burtsatsen unguwar ya lalace, matansu suna tafiya mai nisa neman ruwa cikin rana. Sai suka yanke shawarar yashe wata tsohuwar rijiya da ke filin, a ƙara mata zurfi. Wanda ya ɗauki aikin ɗaya daga cikinsu ne, sunansa Ɗan Jumma, magidanci mai 'ya'ya shida, manomi ne a garinsu, amma ya taɓa bin masu haƙar rijiya da rani.

Da hantsi ina cikin aji na ji kururuwar mata. Kafin in fito tsakar makaranta an ce rijiya ta rufta da Ɗan Jumma. Me kuke tsammanin na fara yi? Komawa na yi cikin aji na ɗauko littafin. Wallahi da shi a hammata na tsallake katanga.

Na tarar da mutane sun kewaye bakin rijiyar, kowa na magana, ba mai jin wani. Matar Ɗan Jumma, Hajo, tana durƙushe tana kiran "Baban yara!", don ba ta iya kiran sunan mijin. Na ɗaga murya na ce kowa ya ja baya, a yi shiru. Abin mamaki suka bi. Na kwanta rub da ciki na leƙa, ba abin da nake gani sai ƙura. Can sai muka ji murya daga ƙasa, a shaƙe: "Ina nan. Ƙasa ta kama ni har ƙirji. Ƙahwata na ƙarƙashin dutse."

Wannan shirun da na sa aka yi shi ne abu ɗaya tak da na yi daidai a ranar. Da na tsaya nan, da yanzu da daɗi ake tuna ni.

Mai unguwa, dattijo mai sanyin magana, ya ce an riga an tura babur ɗauko Baba Altine daga kasuwa. Baba Altine tsohon mahaƙin rijiya ne, babu unguwar da ba ta shan ruwan hannunsa. Na ce ba za mu jira ba, lokacin farko shi ne rai, haka yake a rubuce. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, wanga rame rairai ne. Bari Baba Altine shi zo."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na karanci abin nan. Na san yadda ake yi."

Na buɗe littafin na nuna masa hoton wani Bature da hular ƙarfe yana lilo a igiya. Mai unguwa ya kalli hoton, ya kalle ni, ya kalli Hajo da ke kuka. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa na ɗauki shirunsa izini.

Aka kawo igiyar guga mai kauri. Wani makiyayi da ya zo wucewa da dabbobinsa ya matso zai ɗaura mini, na ce ya bari, akwai ƙullin da masu ceto ke yi. Na ɗaure kaina da kaina a ƙugu, ina duban hoto. (Daga baya na gane hoton nan ta gaba kawai ya nuna ƙullin, ba ta baya ba.) Na cire riga, na riƙe wayata da tocilarta a kunne, na yi bisimilla da ƙarfi yadda mata za su ji. Maza shida suka kama igiya, aka fara sassauta ni.

Gaba biyu na farko lafiya lau. Har ina ba da umarni: "A hankali! Ƙara!" Daga gaba na huɗu sai haske ya fara guduwa. Na ɗaga kai na ga bakin rijiyar ya koma kamar faifai, kawunan mutane baƙi-baƙi a gefensa. Iskar ta yi nauyi, tana warin danshi da ruɓaɓɓen ganye. Rairayi ya fara zubo mini a wuya, siriri, ba ya tsayawa. Na haska bango na ga inda ya zaftare, wani babban kogo ya buɗe a gefe, samansa na rataye ba abin da ya riƙe shi. Kogon da na yi watanni ina koyarwa ke nan, yau ga ni ga shi.

Sai ƙullina ya zame. Igiyar ta tashi daga ƙugu ta haye ƙirji, ta tsuke ni a ƙarƙashin hammata. Wayar ta suɓuce ta faɗa ƙasa. Duhu ya rufe ni.

Duk abin da na haddace ya bar kaina a lokaci guda. Na fara ihu. Na fara shure-shure ina neman wurin taka ƙafa, duk inda na shura sai ƙasa ta ɓalle ta zuba ƙasa, ina jin saukarta. Kuma na san a kan wa take sauka. Ban daina ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: na sani, amma ƙafafuna suka ƙi tsayawa.

Cikin wannan hali na ji muryar Ɗan Jumma daga ƙarƙashina, yana tofar da ƙasa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam. Malam! Bar shurin bango, ƙasa kaka zubo min. Ta kai ga haɓata."

Na ce, "Za ni mutuwa! Za ni mutuwa!"

Ya ce, "Ba ka mutuwa, igiya na gare ka. Ruhe idonka. Ka yi salati. Ja numfashi sannu-sannu. Yawwa. Sake hannuwanka su yi ƙasa."

Mutumin da ƙasa ta binne har haɓa, dutse a kan ƙafarsa, shi ne ke rarrashin mai cetonsa. Sannan ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa ya yi kira sama: "Ku ja Malam! Ku hid da shi!"

An ce mini da ake jawo ni ina kiran Inna, mahaifiyata, wadda ta shekara tara da rasuwa. Ban musa ba. Abin da na sani shi ne lokacin da igiyar ta zame ta tsinke mazagin wandona, da aka fara ja kuwa wandon ya sulale ya bi wayar. Haka na fito bakin rijiya, gaban mai unguwa, da matan 'yan gudun hijira, da hedimasta, da ajina gaba ɗaya a kan katanga, daga ni sai gajeren wando. Shi ma a jiƙe. Kuma kowa a wurin ya san rijiyar nan babu ruwa a cikinta.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Makiyayin nan ya cire rawaninsa ya jefo mini ba tare da ya dube ni ba. Hajo kuwa ta dube ni, kallo ɗaya, ta mayar da idonta kan ramin.

Ina zaune a ƙasa Baba Altine ya sauko daga babur. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, ido ɗaya ya yi fari. Ya leƙa, ya yi magana da Ɗan Jumma a hankali, ya ɗebi ƙasar bakin rijiyar ya murza. Ya tambaya, "Wa yash shiga?" Aka nuna ni. Ya ce a kawo tsofaffin gangunan man fetur guda uku a fasa gindinsu, a kawo katako da kwanon rufi, a kori kowa daga bakin ramin sai masu igiya. Ya ƙi shiga sai da aka tokare bangon da ya zaftare, yana yi daga sama yana sauka, taki ɗaya bayan ɗaya. Da ya isa ƙasa da ƙaramin kwano ya riƙa kwasar rairayin, ana jawo guga ana zubarwa. Ni ma daga baya na tashi, rawani ɗaure a ƙugu, na shiga layin masu karɓar guga. Ba wanda ya hana ni, ba wanda ya yi mini sannu.

Sai bayan la'asar aka fito da Ɗan Jumma. Yana da rai, amma ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta kama da ƙafa. A asibitin gari suka ce sai Sakkwato. Hanya kuwa ba ta biyuwa da yamma saboda 'yan bindiga, ba direban da zai yarda, sai da aka jira safiya aka bi ayarin motocin da ke da rakiyar jami'an tsaro. A can aka yanke ƙafar.

Mako uku ban bi ta bayan makaranta ba. Da aka dawo da shi na rasa yadda za ni yi, sai na sayi lemo da sabulu na tafi. Na same shi kwance kan tabarma a cikin shagon da ba ƙofa, an rataye buhu a madadinta. Hajo ta amsa sallamata ta fita. Na zauna na gaishe shi, sannan na yi tambayar da ta hana ni barci.

Na ce, "Ɗan Jumma, don Allah ka gaya mini gaskiya. Ƙasar da na zubo maka, ita ta jawo wannan?"

Ya ce, "Ƙahwar tun hwaɗuwar dutsen ta tahi, Malam. Na ji karyewarta." Sannan ya ƙara, "Amma ka ƙara wa Baba Altine aiki. Wanda kaz zubo ya kai guga talatin."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun yana cikin ramin, don bai san ko zai fito ba, ba ya son ya tafi da riƙon kowa. Sai ya ɗan murmusa ya ce, "Kuma ko ba komi ka ɗebe min kewa. Ina jin kukanka na manta da nawa."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa mini game da ƙafar, ko tausayina ya ji karo na biyu. Ba za ni taɓa sani ba. Na tambayi Baba Altine sau ɗaya a kasuwa, ya ce shi ba likita ba ne, ya ci gaba da cinikin gatarinsa.

Yanzu Ɗan Jumma yana saƙar igiya da tabarma a bakin tasha, da sandarsa a gefe. Kullum na wuce sai na tsaya mun gaisa, kullum kuma sai na kasa duban inda wandonsa yake a naɗe.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na biya shi da tsada, wani kuma ya taya ni biya. Zuciyata ba ta kai bakina ba, kuma gara mutum ya gano haka a kan tudu. Yanzu in aka yi kururuwa a unguwa ina fitowa da gudu kamar kowa, sai dai tambaya ɗaya nake yi: wa ya iya, kuma yana ina? In an gaya mini sai in ɗauki babur in je in ɗauko shi. A wannan fannin, ba yabon kai ba, har yau ba a taɓa ceto ni ba.