Ragon Aro

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na ɗaure ragon wani a ƙofar gidana ba. Kuma duk Malam Habu ne ya ja mini, ko da yake shi har gobe bai san ya yi laifi ba.

Tare muka koyar da Malam Habu a wata sakandare a Kabo. A ofishin malamai sunansa Habu Ƙanƙamo. Mutum ne da zai tsoma lifton a ruwan zafi yau, ya shanya shi a taga, gobe ya sake tsomawa, har sai ruwan ya ƙi canza kala. Muna hawa babur, shi yana kan wani tsohon keke da ya gada wajen kawunsa. Idan albashi ya shigo muka aika a sayo mana tsire, shi sai ya kwance ƙullin rogonsa da ƙuli. Ni ne sarkin masu yi masa dariya (har kwaikwayon yadda yake matse man goge baki nake yi, ana riƙe ciki).

Kwatsam, ko furfura bai fara ba, mutumin ya ajiye aiki. Ashe muna ci muna lashe yatsa, shi gonaki yake saya a Sabon Birni, ga tumaki, ga shaguna da ya ba da haya a cikin Gwarzo.

Wata Litinin na makara, babur ya mutu mini, ina turawa gumi na shiga mini ido, shugaban makaranta yana ta doka mini waya. Sai ga Habu kishingiɗe a tabarma gindin darbejiya gaban shagunansa, rediyo a kunne, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Malam, har yanzu ana bautar ƙasa?" in ji shi.

Na yi murmushin yaƙe, na ci gaba da tura babur. Hassada ce ta kama ni, ba sai na sa mata kwalli ba. Mutumin da nake yi wa dariya yana barcin hantsi ranar Litinin, ni ina tura babur! Tun daga ranar na rantse sai na yi ritaya kafin lokacina, ko da kuwa gishiri zan riƙa lasa.

Na shiga tsimi ba ji ba gani. Nama ya yi ƙaura daga miyarmu, na hana kunna janareto, sabulun wanka sai ya koma kamar farce kafin a sayo wani. Maiɗakina Hadiza ta yi mita har ta gaji. Ana cikin haka Babbar Sallah ta ƙarato, na yanke shawarar bana ba layya. To amma a layinmu kowace ƙofa da ragonta, kuma ni malami ne mai albashi. Me mutane za su ce?

Nan fa dabara ta zo mini, irin wadda Shaiɗan ma zai tafa wa. Na je Sabon Birni na samu Habu yana shafa ragon layyarsa, wanda ya kiwata da hannunsa, fari tas, ƙaho ya murɗe. Na ce ya ba ni shi ya yi 'yan kwanaki a gidana. Bai tambaye ni dalili ba.

"Dusa da harawa duk a kanka?"

"Duk a kaina."

"Ɗauki igiya."

Muka yi da shi ranar Sallah zai zo da asuba ya tafi da abinsa, ni kuma in ce na aika wa mahaifiyata Inna can Kara.

Kwanakin nan na sha daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Maƙwabta suna wucewa suna cewa, "Kai Malam, bana ka gama da mu!" Ni kuma ina sunkuyar da kai ina cewa ikon Allah ne. Ko Hadiza ban gaya wa gaskiya ba. Ta yafe mini miyar da ba nama, ta bi 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya a waya tana ba su labari. 'Yata Ummi ta wanke ragon da omo. Shi kuwa gogan ci yake kamar an aiko shi (na kashe masa abin da ban kashe wa cikina ba tun da na fara tsimi).

Ranar Sallah aka yi asuba, ba Habu. Gari ya waye, ba Habu. Na buga wayarsa, a kashe (kashe ta yake yi wai kada caji ya tafi a banza). Na tafi Idi jikina yana sahu, hankalina yana kan turke.

Ina dawowa na tarar da surukina, Alhaji Sule, a ƙofar gidana, da wuƙarsa naɗe a ƙyalle, ga ƙannen Hadiza biyu a bayansa. Shi ne yake zagaya gidajen 'ya'yansa kowace shekara yana yi musu yanka, ni kuma na sakankance kafin ya iso rago ya bar unguwa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, na ja gaisuwar har da tambayar damina, ina satar kallon hanya.

"To Malam, a kwanto shi, akwai sauran gidaje."

"Ai Baba, wannan na Inna ne. Kara za a kai mata."

Sai muryar Hadiza daga cikin zaure: "Lah, ai Inna ta bugo ɗazu, ta ce yayanka Musa ya kai mata nata tun jiya. Ta ce mu yanka abinmu."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Kun ga zumunci."

Kafin in haɗiye yawu an haƙa ramin jini, an kayar da rago, an fuskantar da shi alƙibla. Maƙwabta sun matso kallon yankan ragon da ya fi na kowa. Baba ya naɗe hannun riga, ya gwada kaifin wuƙa a babban yatsa.

"Da sunanka da na iyalinka ko?"

Wallahi sai da na yi tunanin in yi shiru. Amma layya da dabbar wani, a gaban Allah, kuma dabbar Habu Ƙanƙamo?

"Baba, a dakata."

"Lafiya?"

"Ragon... ba nawa ba ne."

"Na wane ne?"

"Aro ne."

Sai wani maƙwabcina ya ce, "Mun san aron tsani, mun san aron tabarma, yau ga aron rago." Aka fashe da dariya. Na ji an rufo ƙofar zaure da ƙarfi.

A daidai nan Habu ya ɓullo, yana tura kekensa, taya a sace, ƙafa furu-furu da ƙura. Wai faci ya yi tun da asuba, 'yan acaɓa kuma sun ninka kuɗi saboda Sallah, shi ya sa ya tako a ƙasa, ya yi Idinsa a hanya. Ya gaida Baba cikin ladabi, ya tayar da ragonsa, ya dafa gadon bayansa.

"Masha Allahu, ya ƙara kumari! Malam, ka iya kiwo. Baɗi ma in kana so, akwai."

Ya ja abinsa ya tafi, Ummi tana kuka tana cewa an sace mana rago.

Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya mayar da wuƙarsa cikin ƙyalle, ya ce a hankali, "Layya ai ga mai hali ce, Malam. Rashi ba abin kunya ba ne." Da yamma ya aiko mana da cinya guda, a cikin rabon da yake yi wa mabuƙata. Na ci, don yunwa ba ta san kunya ba, amma da ƙyar ta wuce. Hadiza kuwa sai da aka gama cin naman Sallah a garin kafin ta sake yi mini magana mai tsawo.

Abin da na gane shi ne, kafin Habu ya daina sayen nama, sai da ya daina sayen "me mutane za su ce", kuma wannan ya fi komai tsada a kasuwa. Ni na so in haɗa tsimi da suna, na tashi ba tsuntsu ba tarko. Har yau ina aiki, shi yana hutawa, kuma har yau in na gan shi sai raina ya sosu. Rago dai ina saye duk shekara. Sai dai Baba ba ya zare wuƙa sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, wannan namu ne?"