Bindigar da ta Tuɓe Mini Wando

Lokacin da nake jan babbar mota a hanyar Tabuka na samu ruhusa, wato lasisin riƙe bindiga. Mai shagon bindigogi ya miƙo mini wata 'yar mitsitsiya, wai ita ke ɓuya a ƙarƙashin jallabiya. Na ce, "Ya shehu, na yi maka kama da yaro?" Na zaɓi mafi nauyi, na soke ta a ƙugun wando, wandon da roba ce kawai ke riƙe da shi.

Ranar da aka zo neman auren 'yata, na dawo daga hanya a gurguje, na manta tana jikina. Ina miƙewa in zuba wa baƙi gahawa, sai ta ja wandon har idon sawu, ta faɗo gaban uban yaron. Buta a hannun hagu, kofuna a dama, da me zan kama?

Tsohon ya dube ta ya ce, "Alhaji, in ba ka son ɗana, ai magana ta isa."

Sai da wana ya yi ta rantsuwa kafin aka sa rana.

Jikokinmu sun girma, amma har yau in mutumin nan ya hango ni a unguwar Aziziyya, hannuwa yake ɗagawa sama: "Gaisuwa kawai na zo, suruki."