Ranar da Guguwar Lugongwe Ta Haura Katanga

"In dai ina numfashi, a Lugongwe kofin nan zai tsufa! Ni ne Shomari Kibwengo, wanda bokaye ke yi wa sallama kafin su buɗe jaka!"

Haka ya faɗa a rumfar shayin Mama Zuhura, yana dukan ƙirji har mandazin da ke hannunsa, wato fanken yankinmu, ya nutse cikin shayi.

To aboki, bari in gaya maka ko wane ne Shomari. Shi da ƙwallo ba su taɓa haɗuwa ba, in ka ɗebe ranar da ta same shi a ƙeya yana wucewa. Amma shi ne shugaban kwamitin dabaru na ƙungiyar Guguwar Lugongwe, kuma kowa a yankinmu ya san dabarun wannan kwamiti ba a fili ake koyar da su ba. Aikinsu su gano inda abokan karawa suka binne asiri, su kauce masa. Gajere ne mai tumbi, ga sanƙo, ga wata kwat da ba ya cirewa ko rana na narka kwalta. A gabansa 'yan wasa su ce "Mzee", wato dattijo, a bayansa su ce "Janar Ba-Yaƙi".

Gasar kuwa ita ce ta rukuni na biyu ta Yankin Duwatsu, wadda kakanninmu suka fara tun ma'aikatan reluwe na karawa da masu saran rake ba takalmi. A cikinta aka karya ƙafafu, aka ƙulla surukuta, aka kora alƙalan wasa har cikin gonar ayaba. A shekarar da nake ba ka labari, manya na birni suka ce an rushe ta, za a haɗe yankuna wuri ɗaya. Wanda ya ɗauki kofin bana ya ɗauka ke nan har abada. Lugongwe ba ta taɓa ko shinshina shi ba, amma ga shi saura wasa ɗaya, a garin Matembo, da 'Yan Reluwe. Ko canjaras Guguwa ta yi, kofi nata ne. Su kuwa 'Yan Reluwe dole sai sun ci, ga golansu ya gurɗe ƙafa, ga mai ci musu ƙwallo na fama da zazzaɓi. Abin da ake bukata kawai yaranmu su shiga fili su tsaya. Shomari har ya zaɓi bangon da za a rataya hotonsa rungume da kofi.

Ana gobe wasa ya zo ya tarar an shanya shuɗayen rigunan ƙungiya, wata baƙar kaza na kiwo a ƙarƙashinsu.

"Kazar wa ce wannan?"

"Ta Mama Zuhura ce, Mzee," in ji Dotto, kyaftin ɗin ƙungiya.

"Haka ta gaya maka? Daga Matembo aka turo ta! Duba yadda take kallona. Ba mai sa rigunan nan!"

Ya faɗa kasuwa ya kwaso wasu riguna da wanduna ruwan lemo, ko lamba babu a bayansu. Ya ce ai da lamba boka ke kamo mutum.

Dotto ya juya rigar ya sake juyawa. "Mzee, wannan kalar fa ta yi kama da ta..."

"Ta nasara! Rufe min baki, yaro."

Washegari a bayan motar roka ya kafa doka ta biyu: ba mai sa komai a baki, don Matembo ta saye masu abinci na hanya kaf. Direba ya tsaya shan ruwa, ƙamshin gasasshiyar masara ya buge yara, cikin gola ya fara kuka kamar injin niƙa. Shomari ya sauka ya sayo masara da soyayyen rogo, ya ce shi zai ɗanɗana, in da guba ta faɗa kansa. Ya yi ta sadaukar da ransa har leda ta ƙare.

"Akwai abu a ciki," ya faɗa yana gyatsa. "Allah ya so ku."

Da garin ya fara bayyana, sai ya buga kan mota. "Tsaya nan! Ƙofar filin wasa an gama da ita tun jiya, duk wanda ya taka ta ƙafarsa ta zama tuwon ugali. Ta baya za mu bi, mu haura katanga."

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ƙungiyar da ta san ciwon kanta ba ta shiga filin abokin gaba ta ƙofa. Abin da Dotto ya tambaya ɗaya ne.

"Ka san hanyar, Mzee?"

"Ni? Matembo? Ko da ido rufe!"

Rabonsa da garin tun yana da gashi. Ya sa su gaba cikin gonar masara, ƙaya na ja, kwat na maƙalewa, har suka iso gindin wata doguwar katanga. Ga ihun 'yan kallo da ganguna kamar a cikin kunne.

"Kun ji ko? Ku ɗaga ni!"

Mutum huɗu suka ɗaga shi suna nishi. Wandonsa ya ce ɓarrr tun daga ƙugu, ya faɗa ciki tim. Yara suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Da ya miƙe yana kakkaɓe ƙasa sai ya ga ba ciyawa, ba raga, sai kunyoyin kabeji. Ga kuma wasu ƙarti jingim, kowa da fartanya, kowa sanye da riga da wando ruwan lemo, sun saki baki suna kallonsu.

Shomari ya washe haƙora. "Kun gani? Magoya bayanmu ne! Har kalarmu suka sa!" Ya ɗaga hannu biyu sama. "Guguwa oyee!"

Sai ƙarar usur, firrr!

"Alƙalin wasa ke nan," in ji Shomari. "Ku jeru!"

Wanda ya ɓullo da usur ɗin kulki ne a hannunsa, ga wasu biyu a bayansa da bindiga.

"Kowa ya tsuguna! Hannu a ka!"

Aboki, gidan yarin gundumar ne. Katangarsa da ta filin wasa maƙwabta ne, lungu ɗaya ya raba su.

Gandiroban ya zagaya su yana girgiza kai. "Na tsufa a aikin nan. Na ga masu haurawa su fita, amma masu haurawa su shigo, yau na fara gani."

"Yallaɓai, kuskure ne," in ji Dotto. "'Yan ƙwallo ne mu, ga fili can ana jiranmu. Don Allah buɗe mana."

Kafin gandiroba ya yi magana, wani tsohon fursuna mai wushirya ya yar da fartanya ya tsuguna kusa da gola. "Ni ma da su na zo, yallaɓai. Ni ne mai buga gefen hagu."

"Ni ma!" in ji wani. Nan da nan ƙungiya ta kumbura ta kai ta buga wasa uku a lokaci ɗaya.

"To ku gaya min," in ji gandiroba, "wa zan saki, wa zan bari? Ina lambobinku?"

Duk 'yan wasa suka juya suka dubi Shomari. Shi kuma ya dubi kabeji. Sai ya tattaro sauran ƙarfin halinsa, ya riƙe wando da hannu ɗaya. "Kai ɗan sanda ne ko me? Ka san da wa kake magana? Kira min shugabanku yanzu!"

"Ba ya nan."

"Ina ya je?"

"Kallon ƙwallo. Ya ce yau Guguwa za ta zo, ba zai bari ta wuce shi ba. Ba kuwa mai fita sai ya dawo. Ku ɗauki fartanya, ba a zaman banza a nan."

Haka aka yi. Suna noman kabeji suna jin komai ta bayan katanga. Suka ji alƙalin wasa ya hura usur na kira, ya sake hurawa. Suka ji mutanen Lugongwe da suka cika motoci suna rera "Ina Guguwa? Ina Guguwa?" Shomari ya daka tsalle yana ihu, "Ga mu nan! Ga mu nan!" amma ganguna suka haɗiye muryarsa. Da lokacin jira ya cika, usur ya yi doguwar ƙara, wani ɗan Reluwe ya gangara ƙwallo cikin ragar da ba kowa, garin Matembo ya ɗauki ihu. Wannan ita ce ƙwallo ta ƙarshe a tarihin gasar Yankin Duwatsu. Dotto ya zauna a kan kunya ya yi kuka da hawaye, kuma wallahi ko ni da nake dariya yanzu, a ranar na tausaya masa.

Sai da la'asar sakaliya shugaban gidan yari ya dawo. Da aka ba shi labari dariya ta hana shi tsayuwa, sai da aka kawo masa kujera. Ya aika aka kira wanda zai iya shaida 'yan wasa da fuska. Wa kake tsammani ya zo? Mzee Lukinga, shugaban 'Yan Reluwe, da kofi a hammata. Ya bi layi yana nunawa: wannan ɗan ƙwallo ne, wannan ma, wancan mai wushirya naku ne. Da ya zo kan Shomari ya daɗe yana tunani, har sai da gumi ya karyo wa Janar, sannan ya ce a sake shi.

A bakin ƙofa Shomari ya gyara kwat, ya kumbura, ya ɗaga murya don yara su ji.

"Lukinga, yau kam na sara maka. Asirin da zai juya katanga guda a gaban idona ba ƙarami ba ne. Gaya min tsakaninka da Allah, wane boka kuka ɗauko?"

Mzee Lukinga ya shafa kofin a hankali.

"Wallahi mun yi niyya, ɗan'uwa. Har mun tura a kira shi, sai muka ji kai ne za ka kawo 'yan wasanku. Muka ce a bar bawan Allah ya huta."